Coton Sport ta Garwa: ƙwallon da ya tsiro a gonar kaɗa

A wannan mako filin namu zai ƙetare iyaka ya sauka Garwa, babban birnin lardin Arewa na ƙasar Kamaru, can a bakin kogin Binuwai, domin mu duba tarihin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda ya kamata kowane ɗan Nijar ya san labarinta, tun da yake da gumin ƴaƴanmu aka rubuta wani sashe nasa. Sunanta Coton Sport, tufafinta kore da fari, mutanen garin kuma suna yi wa ƴan wasanta laƙabi da manoman kaɗa. An kafa ta a shekarar 1986, kuma daga 1997 zuwa 2023 ta ci shampiyonan ƙasar Kamaru har sau 18. Babu wata ƙungiya a ƙasar da ta taɓa kaiwa wannan adadi.

Domin a gane nauyin wannan magana, sai an tuna yadda ƙwallon Kamaru yake kafin zuwanta. Tun daga samun mulkin kai a 1960, ƙwallo abin mutanen kudu ne. Oryx ta Duwala ita ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka a tarihi. Canon ta Yawunde ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980. Union ta Duwala ta ɗauke shi a 1979. Tonnerre ta Yawunde kuwa, tare da Roger Milla, ta ci kofin masu kofuna a 1975. Sauran abin da ya rage, ƙungiyoyin garuruwan yamma irin su Bafusam da Nkongsamba ke rabawa. Arewa ta ba ƙasar shugabanta na farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, ta ba ta shanu da gyaɗa da kaɗa da sojoji, amma ba ta taɓa ba ta zakaran shampiyona ba. Ko tafiyar ma kaɗai ta isa hana ƙungiyar arewa sakat: jirgin ƙasa daga Yawunde iyakarsa Ngaundare, sauran hanya sai mota, kuma kowace fita wasa kuɗi ne da kwanaki.

Abin da ya sauya wannan hali shi ne kamfanin kaɗa na ƙasar, SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 ya gaji aikin kamfanin Faransa na CFDT, cibiyarsa kuma tana nan Garwa. Duk wanda ya san arewacin Kamaru ya san matsayin wannan kamfani. Shi ke ba manoma iri da taki da maganin ƙwari bashi, shi ke sayen kaɗar in an tsince, shi ke gurzar ta a masana'antunsa, shi ke matse gurya ya fitar da man girki mai suna Diamaor, shi kuma ke gyaran hanyoyin karkara da motocinsa ke bi. A cikin wannan gida aka haifi Coton Sport, a matsayin ƙungiyar ma'aikata masu motsa jiki bayan tashi daga aiki. Ta bi matakai daga ƙasa, ta hau rukuni na ɗaya a farkon shekarun 1990, ba tare da kowa a Yawunde ko Duwala ya ɗauke ta da wani muhimmanci ba.

Lokacin hawanta ya zo daidai da lokacin da kudu ke cikin wahala. Tun ƙarshen shekarun 1980 tattalin arzikin Kamaru ya shiga ƙunci, farashin man fetur da koko da gahawa ya faɗi. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, abin da mu ma nan muka ɗanɗana a kasuwanninmu. Manyan ƙungiyoyin kudu sun dogara ne ga aljihun wani attajiri ko wani babban ma'aikaci, da karo-karon magoya baya na unguwa ko na ƙabila. Da aljihu ya bushe sai rigingimun shugabanci suka taso, ƴan wasa suka koma bin bashin haƙƙinsu, wanda ya samu hanya ya tsallaka Turai. Shi kuwa mai sayar da kaɗa a kasuwar duniya, karyewar sefa riba ta jawo masa, domin abin da yake karɓa da kuɗin waje ya ninka in an juya shi gida. Ruwa ba ya tsami banza: a 1997 Coton Sport ta ci shampiyona karo na farko, ta maimaita a 1998, kambun ya hau arewa.

Mutane da yawa sun ɗauka tashin gishirin andurus ne. Sable ta Batie ta karɓe a 1999, Fovu ta Baham a 2000, Coton ta dawo a 2001, Canon ta ci nata na goma a 2002. Daga nan sai ƙofa ta rufe. Shekara shida a jere, daga 2003 zuwa 2008, ba wanda ya taɓa kambun sai mutanen Garwa. Suka ƙara a 2010 da 2011, wanda da shi suka wuce Canon a lissafi, sannan 2013 da 2014 da 2015, sannan 2018, sannan 2021 da 2022 da 2023. Kofin ƙasa kuma, wanda ake buga wasansa na ƙarshe a Yawunde, sun kai shi Garwa sau bakwai tsakanin 2003 da 2022. Canon mai tsohon suna ba ta sake ganin shampiyona ba a duk tsawon waɗannan shekaru.

Mene ne sirrin? Masu sharhin ƙwallo a Kamaru sun daɗe suna faɗin abu guda, kuma ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa riƙe kanti ko ofis. Ana tafiyar da ƙungiyar kamar yadda ake tafiyar da sashe na kamfani. Akwai kasafin kuɗi na shekara, akwai kwantaragi a rubuce, akwai filin horo da wurin renon yara, kuma ɗan wasa ya san ƙarshen wata zai ga albashinsa. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi. A ƙasashenmu, inda ɗan ƙwallo kan yi wata uku yana jiran ladan wasa guda, ƙungiyar da ke biya kan lokaci ba ta bukatar kirari; ƙwararru da ƙafarsu za su zo. Haka yaran Duwala da Yawunde suka riƙa haƙura da zafin Garwa, inda rana kan wuce awo 40 a watannin Maris da Afrilu, suna zuwa neman wuri. Masu horarwa ma haka. Lamine N'Diaye ɗan Senegal ya yi aiki a Garwa kafin ya tafi TP Mazembe ta Lubumbashi, inda ya ci kofin zakarun Afirka a 2010 ya kuma kai ta wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya. Sébastien Desabre Bafaranshe ya ratsa ta nan kafin a ba shi ƙungiyar ƙasar Kwango ta Kinshasa a 2022. Ko shugabancinta bai fita daga cikin gidan noma ba: Gabriel Mbaïrobé, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar, shi aka naɗa ministan noma na Kamaru a 2019.

Wannan suna na biyan haƙƙi shi ya kai labarin Garwa har Yamai. A tsakiyar shekarun 2000 ƴan wasan Nijar suka fara kama hanyar Binuwai, kuma uku daga cikinsu sun bar suna: mai tsaron gida Kasali Dauda, wanda ya fito daga Sahel ta Yamai, da ɗan tsakiya Abdul Karim Lansina, da mai cin raga Kamilu Dauda. Zaman Garwa bai yi musu wuya ba. Gari ne na Fulani mai lamiɗo, amma Hausawa sun daɗe a cikinsa da fatauci, ana jin Hausa a kasuwa, ana kiran salla a kowace unguwa, tuwo da fura ba baƙi ba ne. Yaron da ya tashi Yamai ko Maraɗi ya fi sakewa a can bisa ga wani gari na Turai mai sanyi da kaɗaici.

Shekarar 2008 ita ce ƙololuwa. Tun a 2003 Coton ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasabalanka ta doke ta da ci 2 da nema a Maroko, aka tashi babu ci a Garwa. Amma a 2008 babban kofin aka nufa, na zakarun Afirka. A ƙarƙashin mai horarwa Alain Ouombléon Guédou ɗan Kodebuwa, ta fito daga rukunin da ya haɗa ta da Enyimba ta Najeriya da Al Hilal ta Sudan da TP Mazembe. A wasan kusa da na ƙarshe ta bi Dynamos har Harare ta ci ta 1 da nema, ta ƙara mata 4 a Garwa. Sai ga ta gaba da gaba da Al Ahly ta Masar, ƙungiyar Abu Trika, wadda ta riga ta ɗauki kofin sau biyar. A Alƙahira, ranar 2 ga Nuwamba, tun kafin a cika minti ashirin Masarawa suka zuba ƙwallo biyu, aka tashi a haka. Ranar 16 ga wata aka dawo filin Rumde Ajiya na Garwa, wanda ya cika ya batse. Ahmed Hasan ya fara ci wa baƙi, abin da ya sa ƴan gida ke bukatar ƙwallo huɗu. Ana dab da tafiya hutu Abdul Karim Lansina, ɗan Nijar, ya rama. Bayan an dawo Usmaila Baba ya ƙara na biyu, gari ya ɗauka, har aka fara tunanin abin da ba ya yiwuwa zai yiwu. A ƙarshen wasa aka ba Al Ahly bugun fenariti, aka tashi 2 da 2, kofi ya tafi Masar. Duk wanda ya bi wannan wasa a rediyo daga Damagaram ko Tawa ya san cewa a ranar, ragar Garwa ɗan Nijar ke tsaron ta, kuma ɗan Nijar ne ya buɗe mata ci.

Amfanin wannan zama ya dawo gida. Lokacin da Mena ta samu shiga gasar kofin ƙasashen Afirka karo na farko, ta 2012 a Gabon da Gini Ikwatoriya, bayan ta tsere wa Afirka ta Kudu da Masar da Saliyo a rukuninta ƙarƙashin Haruna Dula, Kasali Dauda ne a raga, kuma wasu daga cikin ƙashin bayan ƙungiyar sun goge ne a wasannin Afirka da rigar Coton. Mena ta sake zuwa a 2013. Ba za a ce Garwa kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma wanda ya saba tsayawa gaban dubban ƴan kallo a Alƙahira da Lubumbashi ba ya rawar ƙafa in an busa taken ƙasa.

Ita ma Kamaru ta ci moriyar gonar. Vincent Abubakar, yaron Garwa da aka haifa a 1992, a Coton ya tashi, kuma yana ɗan wasanta aka tafi da shi gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kafin ya koma Valenciennes ta Faransa. Shi ne ya ci ƙwallon da ya ba Kamaru kofin Afirka a 2017 a Libreville, a ragar Masar, saura minti biyu a tashi. Shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, da ƙwallo 8, shi ne kuma ya ci Brazil a Katar a ƙarshen wannan shekara. André-Frank Zambo Anguissa, wanda ya ci shampiyonan Italiya da Napoli a 2023 da 2025, daga Coton ya tashi zuwa Faransa. Filin Rumde Ajiya kansa an sabunta shi domin gasar 2022, a nan Najeriya ta ci Masar 1 da nema, a nan kuma Tunisiya ta fitar da ita.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Duk da wannan tarin kofuna na gida, Coton Sport ba ta taɓa ɗaukar kofin Afirka ko ɗaya ba, abin da Oryx da Canon da Union da Tonnerre suka yi tun zamanin da talabijin bai wadata ba. A 2013 ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka, Al Ahly ta fitar da ita a bugun fenariti. A 2014 ta kai irin wannan mataki a kofin Konfederasiyo, Al Ahly ɗin dai ta sake tare hanya. A 2021 JS Kabylie ta Aljeriya ce ta tsayar da ita a daidai wurin. A 2023 kuwa, a rukunin da ya haɗa ta da Al Ahly da Mamelodi Sundowns da Al Hilal, wasa shida ta buga, shida aka ci ta. A gida ma Victoria United ta karɓe kambun a 2024, Colombe ta karɓa a 2025.

Dalilin wannan iyaka yana cikin tsarin da ya ɗaukaka ta. Coton tana yi wa ƴan wasa abin da uwar ɗakinta ke yi wa kaɗa: a shuka, a rena, a tsince, a ɗaure, a tura waje. Yaro yana fara haske sai dillalai su iso daga Faransa ko Maroko ko Tunisiya, kuma albashin da ya isa jawo shi daga Duwala bai isa riƙe shi ba in an kira shi Turai. Kowace shekara sai an sake gini. Su kuwa Al Ahly da Sundowns da Espérance ta Tunis suna da kuɗin da za su riƙe gwanayensu shekara biyar ko shida tare, su kuma sayo na wasu. Ga kuma hatsarin dogaro ga uba guda. Kamfanin kaɗa yana rayuwa ne bisa ruwan sama da farashin kasuwar duniya da tsadar taki, kuma shekarar da manomi ke kukan bashi, da wuya a gamsar da shi cewa kuɗin jirgin ƴan ƙwallo ya fi gyaran hanyar ƙauyensa. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma duk kamfanin da ya ɗauki nauyin ƙungiya sai ya shirya amsa ta.

Duk da haka, idan muka juyo gida, labarin Garwa yana da abin da zai faɗa mana. Mu ma ba mu rasa ƙungiyoyin da ma'aikatu ke riƙe da su ba: ta soja, ta jandarma, ta ƴan sanda, ta garde, ta duwan, ta SONIDEP, ta NIGELEC. AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Konfederasiyo a 2010, ƙungiyar jandarma ta maimaita hakan a kakar 2021 zuwa 2022. Sai dai dukansu a Yamai suke, kuma magoya bayansu ba su cika wuce ma'aikatan gidan da iyalansu ba. Abin da Coton ta yi dabam shi ne ta haɗa kuɗin kamfani da zuciyar yanki: manomin Gidar da ɗan tireda na Marwa da mai acaɓa na Garwa duk suna ganin tasu ce, domin ita ce ta fara ɗaga kan arewa a gaban kudu. Mu kuwa, Jangorzo ta Maraɗi ta ci shampiyona a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984, daga nan aka yi shekara arba'in kambun bai sake barin babban birni ba.

Ba rashin yara ba ne. Duk wanda ya ratsa filayen unguwa a Maraɗi ko Tawa ko Birnin Ƙonni da la'asar ya ga masu ƙafa. Ba kuma rashin dukiya ba ne, domin garin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, da yankin da albasarsa ta Galmi ke kaiwa har Abijan da Akara, da lardin da ke da matatar mai tun 2011, ba za a kira su matalauta ba. Abin da muka saba shi ne kyauta. Alhaji ya sayi riguna, ya ba da kuɗin mota ranar tafiya, maroƙi ya ambaci sunansa, shi ke nan sai baɗi. Wannan alheri ne, Allah ya saka, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya gina Coton shi ne kuɗin da aka san adadinsa tun farkon shekara, da akawun da ke rubuta shiga da fita, da takardar da ke kare ɗan wasa ta kuma kare ƙungiya ranar da za a sayar da shi. Kuɗin sayar da yaro guda zuwa waje, in akwai kwantaragi na gaskiya, yana iya ɗaukar nauyin wurin renon yara na tsawon lokaci. In babu, dillali ne zai ci, ƙungiyar da ta rene shi ta tashi da hannu biyu.

Saboda haka kiranmu ga ƴan kasuwa shi ne, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dogaro ga mutum guda yana mutuwa ranar da ya gaji, su duba yadda goma ko ashirin daga cikinsu za su haɗa hannun jari a ƙungiyar garinsu, da sharuɗɗa a rubuce, kamar yadda suke haɗa kuɗi su ɗauko kaya daga Kwatano. Ga ma'aikata kuma, musamman na ma'aikatar wasanni da na hukumomin gari, nasu shi ne ba da fili mai takarda, da sauƙaƙa haraji ga mai zuba kuɗi a wasa, da tilasta wa kowace ƙungiya ta nuna lissafinta kafin a ba ta izinin shiga gasa. Coton Sport ta yi shekara goma sha ɗaya daga kafuwa zuwa kambun farko, ta yi ashirin da biyu kafin ta tsaya gaban Al Ahly a wasan ƙarshe. Wanda ke son irin wannan girbi sai ya yarda da irin wannan jira.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana a filin wasa da wajensa. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.